Jinyar Kwandasta

Kunkurun Baba ne ya fara daina cin abinci, sannan Baba ya bi sahu. Haka dai na ɗauka a lokacin, kuma da wani ya ce mini ba haka ba ne, da sai mun kwashi 'yan kallo da shi.

Kwandasta ake ce wa kunkurun. Baba direban babbar mota ne a zamaninsa, a kan hanya ya tsince shi tun bai fi murfin kofi ba, yana fafutukar tsallaka titi da rana tsaka. Ya taka birki, ya sauka ya ɗauke shi, ya daɗe yana yawo da shi a gaban mota cikin kwando, har abokan aikinsa suka laƙaba masa wannan suna. Ni kaina ban girme wa Kwandasta da wani abin kirki ba, tare muka tashi. Da Mama ta rasu, ba a jima ba shanyewar ɓarin jiki ta kayar da Baba, sai na kwaso su su biyun zuwa gidana, ɗaya a keken guragu ɗaya a kwando.

Ba gori nake yi ba, amma wanda bai yi jinya ba bai san kome ba. Maigidana ke kai shi banɗaki, ni ke wanke abin da ya ɓata. Ni ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ni na koya masa riƙe cokali, ni na riƙe ƙugunsa yana jan ƙafa daga bakin gado zuwa bakin ƙofa yana zagina da karkataccen baki. Likita ya ce ban da gishiri, ban da sukari, ban da soye-soye, na ce an gama. Tun daga ranar tukunyar gidana ta koma lami, kowa ya ci haka ko ya bari. Ƙanena, autanmu, yana leƙowa ƙarshen mako da ledar ayaba, ya zauna yana latsa waya, ya ce, "Yaya, Allah ya saka miki," ya kaɗa makullin mota ya tafi. Ban taɓa jin haushinsa ba, na ce ai namiji ne, ga aiki ya yi masa yawa.

A hankali Baba ya miƙe. Ya koma tafiya da sanda, bakinsa ya daidaita, ya riƙa zama a tsakar gida shi da kunkurunsa suna shan hantsi, ni kuma na koma shagona na ɗinkin labule da rigunan kujeru. Wata rana ina yanke masa farce ya ce mini, "Mamana, ni da Kwandasta mota ɗaya muka hau. Ranar da ya sauka, ni ma ki nemo mini tasha." Na ce ya daina irin wannan magana, ya yi dariya. Amma maganar ta zauna mini a ciki.

Shi ya sa da na ga abin da ya fara faruwa hankalina ya tashi. Kwandasta fa acici ne. Da ya ji ƙarar wuƙa a kan katakon yanka zai taho yana karce ƙofar kicin, in ba ka yi hankali ba har yatsan ƙafarka zai ɗanɗana. Sai ga shi ya koma bayan duron ruwa ya lafe, ya shigar da kai, idanunsa a kumbure rabi a rufe. In ajiye masa latas da yamma, in tarar da shi da safe ya yi yaushi, ko haƙori ɗaya bai sa ba, in dai kunkuru yana da haƙori. A daidai wannan lokacin Baba ya fara ture kwano. Ya yi cokali biyu ya ce, "Na ƙoshi, Mamana." In ce me ka ci da za ka ƙoshi, ya ce ai tsoho ba ciki gare shi ba. Abincin rana da nake bar masa a kula kuwa sai dai in dawo in tarar an ɗan yamutsa samansa.

Na ce wa kaina, in na ceci kunkurun nan na ceci ubana. Ba abin da ban gwada ba. Na sayo kankana, na sayo gwanda, na kankare karas siri-siri, na yanka kokwamba kamar za a ba jariri. Na je na roƙi maƙwabciyarmu jajayen furannin shingenta, don na tuna yana son su, matar tana kallona kamar na samu taɓin hankali. Kullum kafin in fita shago ina durƙushe a bayan duro, ina wasa masa ganye a bakin hanci ina lallashi. "Haba Kwandasta, ko ɗan kaɗan mana. Kai ba ka ga halin da ake ciki ba?" Maigidana yana ɗaure igiyar takalmi yana cewa ni dai ko shi da ya yi zazzaɓi ban yi masa wannan lallashin ba. Ranar da na ɗaga kunkurun na ji shi sakayau kamar ƙwaryar da ba kome a ciki, a nan bayan duron na zauna na yi kuka, Baba yana kan kujerarsa yana kallona.

Na kira Auta na gaya masa. Ya ce, "Tsufa ne, Yaya, su duka biyun. Kada ki ɗaga hankalinki." Na ce kai dai ba ka gida ne, shi ya sa.

Ranar Asabar na sa Kwandasta a kwandonsa zan kai shi wurin likitan dabbobi. Baba ya ce in bar shi, zai ware da kansa, na yi kamar ban ji ba. Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Auta ba, amma hannunta ya san aiki. Ta jawo kansa a hankali, ta haska masa fitila a ido, ta nuna mini 'yar kumfa tana fitowa daga hancinsa. Ta kara shi a kunnenta, ta ce in matso in ji. Wani siririn fito yake yi in ya ja numfashi.

"Sanyi ne ya shige shi," in ji ta. "A ina yake wuni?"

Na ce a tsakar gida, rana na dukansa tun daga safe.

"Ba a ɗaki mai esi, na'urar nan ta sanyaya ɗaki, yake kwana ba?"

Dariya ta kama ni duk da halin da nake ciki. Na ce, "Likita, fanka ɗaya gare mu, ita ma sai an tura ta da sanda take tashi."

Ta ce ita dai abin da ta gani ke nan. Ta yi mini bayani cewa kunkuru ba shi da ɗumin jiki na kansa, daga rana yake samu. In ya wuni a wuri mai sanyi cikinsa tsayawa yake, abinci ba ya narkewa, sai ya daina ci, daga nan mura ta sauka ƙirji. Ta yi masa allura, ta ba ni maganin ɗigawa a ido, ta ce kullum da hantsi a zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi iya wuyansa, a goge shi, a ajiye shi a rana kusa da inuwar da zai iya komawa. Na tafi ina cewa a raina yaran yanzu sai karatu, ina ni ina esi.

Na dawo gida na zayyana musu. Baba ya sunkuyar da kai yana murza kan sandarsa, maigidana kuma ya tuna babur ɗinsa yana son wanki ya fice. Ni ban kawo kome a raina ba. Abin da ya dame ni shi ne wa zai yi wankan hantsin nan ranar aiki. Hannun Baba rawa yake yi, in na bar masa tafasasshen ruwa sai ya dafa kunkurun ko ya dafa kansa. Don haka ranar Litinin ban gaya wa kowa ba, rana na ɗagawa na bar labulen wata mata a ƙarƙashin allura, na ja ƙofar shago na nufi gida.

Na tarar da ƙofa a kulle ta waje. Na buɗe na shiga, kujerar Baba ba kowa, sandarsa ba ta nan, takalmansa ba su nan. Na leƙa bayan duro, ba Kwandasta, na duba ƙusar da ake rataye kwando, ita ma fayau. Na fito a guje ko mayafi ban gyara ba, na nufi mai shagon bakin layi ina tambayarsa ko ya ga tsohon gidanmu ya wuce.

Yana auna wa wata sukari, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ai ɗansa ya zo ya ɗauke shi da mota, kamar kullum."

Na ce, "Kamar me?"

Sai a lokacin ya dube ni. Ya ce kamar kullum mana, da na fita ba a jimawa motar take zuwa, kafin la'asar a dawo da shi. Ya ɗauka na sani.

A nan bakin shagon na kira maigidana. Na ce masa ina gida, Baba ba ya nan. Ko alamar mamaki ban ji a muryarsa ba. Ya ce, "Ki bari in dawo mu yi magana."

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kai ke kulle ƙofar?"

"Ni ke riƙe masa kwandon har mota," in ji shi, can ƙasa-ƙasa. Na kashe wayar, na tare tasi.

Auta yana zaune ne a hawan ƙasa na wani dogon bene, irin gidajen nan da ba tsakar gida, daga ƙofa sai falo, ko'ina tayil yana sheƙi, tagogi a rufe dare da rana. Ƙofar ba a kulle take ba, na murɗa na shiga. Sanyi ya dake ni a fuska, ƙamshin soyayyen nama ya biyo baya. Ina cire takalmi a ɗan lungun shiga na ji dariyar Baba. Wallahi rabon da in ji wannan dariyar tun Mama na da rai, dariya ce tun daga ciki har da buga tebur. Labarin hanya yake ba su, na yadda birki ya taɓa tsinke masa a gangare, labarin da ni in ya fara nake cewa ya bari kada jininsa ya hau. Ya kai ƙarshe, suka yi dariya, sai na ji ya ce, "Ku duba mini agogo fa, kada Ganduroba ta riga ni komawa gidan yari."

Suka sake fashewa da dariya, shi da Auta da matar Auta. Daga jin yadda suka yi ta, ba ranar aka raɗa mini sunan ba.

Na shiga falon. Baba yana kan tebur, ya naɗe hannun riga, gabansa shinkafa ce da cinyar kaza soyayya, ga kwalbar lemo tana naso don sanyi, ga 'yar robar gishiri a gefen farantinsa. Matar Auta ta ce, "Yaya, sannu da zuwa," ta sulale kicin ba ta sake fitowa ba. Auta ya miƙe tsaye yana goge hannu a wando. Ban kalli kowa ba, kwandon nake nema. Yana can jikin bango a kan tayil, daidai ƙarƙashin esin, inda iskar take sauka. Na durƙusa na ciro Kwandasta, na ji shi kamar an fito da shi daga firji. Na cusa shi cikin mayafina na rungume a ciki.

Daga inda nake durƙushe na hango wani ɗaki a buɗe. Sabon gado, da ƙarfen riƙewa an kafa a bango, da tsohuwar rediyon Baba da ya ce mini ya ba mai gyara, da hoton Mama a kan durowa. A tagar kuwa labule ne ruwan toka mai ratsin fari. Ni na ɗinka shi da hannuna watan da ya wuce. Auta ya kawo mini awo ya ce na ɗakin baƙi ne, har shafi na sa masa mai kauri don kada rana ta dami baƙo.

"Yaya, zauna mana," in ji Auta. "Dama muna so mu gaya miki."

"Ku gaya mini me?"

"Ƙarshen watan nan Baba zai dawo nan gaba ɗaya. Muna ɗan saba masa da wurin ne."

"Ku wa?"

Ya lissafo mini: shi, da Baba, da babban wanmu da ke can nesa wanda sai a waya muke jin muryarsa, da mijina. Na ce to ni 'yar aikin gidan ce da za a sallama in an gama shiri? Ya ce ba haka ba ne, sun ga gara a bari sai kome ya kammala, ai na san halina.

Halin nawa kuwa ya gan shi a ranar. Na ce masa lokacin da Baba yake ɓata shimfiɗa sau nawa a rana, wannan ɗakin ina yake? Lokacin da nake niƙa masa abinci ina ɗura masa da ƙaramin cokali, ina soyayyar kazar take? Yanzu da na tayar da shi ya zama abin zama a yi hira, shi ne ka tuna kana da uba. Ka zuba masa gishiri da lemo, in ya sake faɗuwa ka kwaso mini shi da ledar ayabarka. Na faɗi wasu ma da suka fi waɗannan, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

"Mamana, ya isa," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba. "Ba shi ya ja ni ba, ni na roƙe shi."

Na juyo na dube shi. Na ce, "Baba, me na yi maka?"

"Ba ki yi mini kome ba sai alheri. Amma na warke, ke kuma kin ƙi yarda. A gidanki in na yi tari sai kin taso da magani da na'urar awon jini. Nan in na yi tari sannu kawai ake ce mini, a ci gaba da hira."

Na ce to shi wannan da ke cikin mayafina fa, shi ma warkewa ya yi? Ka ji abin da likita ta ce ranar Asabar da kunnenka, amma yau ka sake ɗauko shi ka ajiye a ƙarƙashin sanyi. Ya ce ya sa an lulluɓa masa tawul, wataƙila zamewa ya yi. Ban tsaya jin sauran ba. Na bar musu kwandon na fito da kunkurun a ƙirjina. A cikin tasi na zauna gefen da rana take, na ɗora shi a cinya, ina kuka direba yana satar kallona ta madubi.

Ba tafiyar ce ta fi ci mini rai ba. Uba ne, yana da ikon ya zauna gidan duk wanda ya ga dama cikin 'ya'yansa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne kallon da suka yi mini. Kullum da safe ina durƙushe a bayan duro ina roƙon kunkuru, mijina yana tsokanata alhali ya san inda za a kai shi da na juya baya. Kullum da yamma ina tsaye a kan Baba ina magiya ya ƙara cokali ɗaya, ina zaton mutuwa ce take zagayensa, ashe cikinsa cike yake da kaza. Ya ga hawayena bai ce, "Mamana, lafiyata ƙalau," ba. Cin amana ke nan, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Da maigidana ya dawo na ce masa lallai da ɗan gari akan ci gari. Ya zauna bakin gado ya ce shi tausayinmu ya ji mu duka, tsohon ya gaji, ni ma na gaji ban sani ba ne. Ya ce rabon da mu je ko'ina tare, rabon da in kwana ban tashi leƙa numfashin Baba ba, shi kansa ya manta. Na ce da ka faɗa mini haka a fuskata ai da na ji, ko da zan yi faɗa. Ya ce faɗan ne ai kowa yake gudu. Na ɗauki matashina na koma falo, na daɗe ban dawo ba.

Daga ranar aka daina ɓoye-ɓoye. Motar Auta ta riƙa zuwa ina gida, ya gaishe ni in amsa da ka. Baba ya fita da sandarsa, amma Kwandasta ba inda yake zuwa, na ce wanda ya isa ya taɓa shi. Na koma buɗe shago sai bayan hantsi. In dafa ruwa in sirka, in gwada da gwiwar hannu kamar na wankan jariri, in zaunar da shi a baho. Da farko ko motsi ba ya yi. Daga baya ya fara zuro kai yana kurɓar ruwan, wuyansa na motsi. In goge shi da tsohon tawul, in ɗiga masa magani, in ajiye shi inda rana ta fi kyau kusa da inuwar duro. Na mayar da shi aka ƙara masa allura. Kumfar hancin ta ɗauke, ido ɗaya ya buɗe, sannan ɗayan.

Wata safiya ina shanya na ji ɗan ƙaras a bayana. Na waiga na ga ya kafa baki a yankan kankana, ruwan yana bin haɓarsa. Ban san lokacin da na kira Baba ba, na manta ma ba ma doguwar magana. Ya fito yana dogara sanda, ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗan banza, ka ba mu tsoro." Na ga ya share ido da bakin hannun riga.

A nan ne wata dabara ta faɗo mini. Da na koma wurin likitar na tambaye ta ko kunkuru zai iya rayuwa a gidan da ba ƙasa, ba rana, sai tayil da esi. Ta ce wannan dai da ƙirjinsa ya riga ya taɓu, in aka mayar da shi irin wurin ba zai daɗe ba. Na dawo da maganar na adana ta ban gaya wa kowa ba. Na san Baba. Mutumin da yana kwance a asibiti, baki a karkace, kalmar farko da aka gane daga bakinsa tambaya ce ko an ba kunkuru ruwa. Ba zai kai shi inda zai mutu ba, kuma ba zai iya kwana a wani gida ba tare da shi ba. Na bar su suna ta kwasar kaya kaɗan-kaɗan, yau akwati gobe bargo, ina kallonsu ina cewa a raina za ku dawo da su da ƙafarku. Har na fara tunanin zan riƙa ɗan barbaɗa masa gishiri a miya, kaɗan dai, in kuma ƙyale shi ya ba da labaran hanyarsa.

Ranar tafiyar da safe Auta ya zo, ya buɗe bayan mota. Maigidana ya fitar da jaka ta ƙarshe. Baba ya fito cikin fararen kaya, ya sa hula, ya tsaya a tsakar gida yana dube-dube, na san kwandon yake nema, wanda Auta ya dawo da shi tuntuni. Kwandasta yana bakin rariya yana jan ganyen kabeji.

Na ce, "Baba, likita ta ce in ya koma gidan can mutuwa zai yi. Ba wai ko ba, mutuwa zai yi. Ƙirjinsa ba zai ɗauka ba."

Ya tsaya. Auta ya fara cewa ai za a iya kashe esin falo, Baba ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ya ce in jawo masa kujera. Ya zauna, ya sunkuya da ƙyar, ya miƙa yatsa yana sosa wa kunkurun ƙarƙashin wuya, shi kuma ya miƙo kai yana lumshe ido. Sun daɗe a haka. Har na fara tunanin inda zan mayar da rediyon.

"To ya zauna," in ji Baba.

Na ce, "Ku zauna dai."

"Shi ya zauna." Ya dafa sanda ya miƙe, bai yarda mun haɗa ido ba. "Kin ga yadda kika tashe shi. Ke kin iya jinya, Mamana, duk cikin 'ya'yana ba wanda ya kai ki. Shi kuma ba ya magana, za ku fi shiryawa."

Ya wuce ni yana jan ƙafar nan da na koya mata tafiya, maigidana ya riƙe masa ƙofar mota, ya shiga ya zauna yana kallon gaba. Auta ya tayar da mota, ya ɗan ja baya, sai ya tsaya ya sauke gilashi. Ledar magungunan Baba ce a hannunsa, yana juya ta yana leƙawa.

"Yaya, wanne ne na safe, farin ko jan?"

Na so in ce ya tambayi wanda ya warke. Maganar ta zo har bakina.

"Farin," na ce. "Bayan ya ci abinci. Kuma da ruwa zai sha, ba da lemo ba."